Daren da Wata Ya Ɓuya

Wata uku ina ƙirga kwana a bayan kalanda,
har na samo daren da farin wata ba zai leƙo ba.
A duk kwarin Elki mu kaɗai ne
ke murna in ya ɓuya.

Na hau tudu wurin Baldomero Tapia mai awaki,
na roƙi aron filinsa na dare guda.
Ya ce, "Zunilda, sama ba tawa ba ce.
Ku dai rufe mini ƙofar shinge,
bara akuyata ta cinye taswirar wani malami."

Mutum talatin da ɗaya suka rubuta suna.
Sha tara suka zo.
Alkawarin rana daban, sanyin dare daban.

Na tsaya bakin hanya da jan ƙyalle da zare,
ina ɗaure bakin kowace tocila.
Farin haske ɓarawo ne, nake ce musu,
ƙiftawa ɗaya ya kwashe
abin da ido ya tara a rabin awa.

Evaristo, direban motar haƙar tagulla,
ya sauke na'urar hangen da ya haɗa da hannunsa:
bututun ruwa, da madubin
da ya shekara biyu yana gogewa a bayan kicin.
Matarsa Clorinda ta ce
da tukwane ya goge haka
da tuni ta ga taurari a gida.

Ƙarfe tara hazo ya taso daga wajen teku,
ya rufe mu ruf kamar murfin tukunya.
Kowa ya juyo gare ni
kamar ni na aika masa gayyata.
Na zuba shayi. Na yanka burodi da cukun akuya.
Na sake zuba shayi.
Huɗu suka tafi, fitilun motarsu suka wanke mu tas,
wani ya yi tsaki a cikin duhu.

Tsoho Nibaldo bai motsa ba.
Yana ta rufe idonsa shekara shida,
amma bai taɓa fashin taro ba.
Ya zauna a kujerarsa da bargo biyu,
jikar maƙwabcinsa, Aylen, tana riƙe masa kofi.

Wajen ƙarfe ɗaya iska ta juya.
Ban ga farkon abin ba,
ina neman mukullin wata mata a cikin ciyawa.
Shirun na ji.
Mutum sha biyar sun daina tari lokaci guda.

Sama ta buɗe daga dutse zuwa dutse,
da farar hanya a tsakiya
kamar gari ya tsiyaye daga hujajjen buhu.
Kaza da 'ya'yanta can ƙasa-ƙasa wajen arewa.

"Faɗa mini," in ji Nibaldo.
Yarinyar ta ce, "Duk ya washe, Kaka,
saura gajimare biyu ƙanana, sun ƙi tafiya."
Ya yi dariya har bargo ya zame.
"Waɗannan ba za su tafi ba, 'yata.
Taurari ne, dami-dami, nisa ya niƙa su.
Sun riga dutsen nan zuwa."

Aka yi layi a bayan bututun Evaristo.
Clorinda ta sunkuya, ta ga tauraro mai zobe,
ta daɗe ba ta ɗago ba.
Da ta ɗago ba ta ce komai ba,
sai ta gyara wa mijinta wuyan riga.

Ni kuwa ina ƙirga kofuna,
ina raka mai jin fitsari bayan dutse,
ina hana yaro taɓa madubi.
Asuba ta same ni da buhun shara a hannu.
Shekara tara ina tara mutane su dubi sama,
rabona yawanci ƙeyarsu.

Na rufe ƙofar shinge, na ja sakata.
Akuyar tana kallona.
Sannan na ɗaga kai:
Gamzaki kaɗai ya rage, yana jirana bisa tudu.
Na tsaya har yatsuna suka daskare,
na ciro kalanda, na fara ƙirga.